Inna Direba da Iskar Taya

A garejin da ke bayan kasuwar kayan gini Inna Direba suke ce mata, kuma tana amsawa. Kafin nan matar direba ce kawai. Mijinta ne ke da motar, wata tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda yake kai wa masu fasa dutse ruwan sha da kayan abinci da ita can sansaninsu a bayan tsauni. Ita kuwa ɗinki take yi a falo, iyakarta da motar ta wanke tsumman goge gilashi.

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya kife. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau. 'Ya'yansu suna aiki a wani gari mai nisa. Ƙanensa ya kawo shawarar a sayar da motar, maigidan bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kullum da hantsi sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon ciyawa tana tsirowa a gindin tayoyi.

Ita ce ta ce ya koya mata.

"Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?" in ji shi.

"Keken ɗinki fa? Shi ma ai da ƙafa ake tuƙa shi."

Ya yi dariya har ya ƙware. Washegari ya ce ta ɗauko makulli.

A filin ƙwallon unguwa ta koyi kuloci da birki, yana gefenta yana faɗa. Wannan bai ba ta wuya sosai ba. Abin da ya ba ta wuya shi ne hanyar sansanin, domin hanya ce mai hali uku. Da farko kwalta. Daga nan sai a gangara wani faffaɗan rafi wanda yawancin shekara yashi ne zalla. In an haye shi, sai hawa mai duwatsu da kwana-kwana har ƙofar sansanin. Maigidan ya ce mata kowanne da iskar da yake so. A yashi, taya mai tauri rami take haƙa wa kanta. In an rage mata iska sai ta baje, ta bi ta sama. A duwatsu ana son ta ɗan yi laushi don ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa. In an dawo kwalta kuwa dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta lalace.

Shi bai taɓa amfani da abin awo ba. Tsinken ashana yake zura wa bawul ɗin tayar, ya saurari fitar iskar, ya danna tayar da babban yatsa, ya ja baya ya duba yadda kumatunta suka fito. Yanzu da tsugunno ya gagare shi, sai ta tsuguna ita, shi kuma ya leƙo ta taga.

"Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya nan."

In sun tashi, kafin su yi nisa zai ce, "Ta baya ta hagu ta fi 'yan uwanta tauri." Ta sauka ta duba, ta tarar haka ne.

Yatsanta dai bai taɓa gaya mata komai ba, duk taya tauri gare ta a wurinta. Don haka ta sayi geji, abin awon iskar taya, a wurin mai faci, ɗan ƙarami kamar biro. Maigidan ya juya shi a hannun hagu ya mayar mata.

"Wannan na masu sabuwar mota ne."

Ta jefa shi a jakarta. Duk lokacin da ya ce ta tsaya, sai ta auna a ɓoye ta riƙe lambar a ka. A haka ta gane cewa yatsansa ba kullum yake faɗin abu ɗaya ba. Ran da ya tashi da nishaɗi yakan tsaya wajen ashirin. Ran da yake tsoron yashin, yakan sa ta yi ƙasa da haka sosai. Ba ta gaya masa ba.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa a can sama, rafin ya zo ya wuce, ya bar yashi mai taushi kamar gari. Ga motar ta sha kaya: durom-durom na ruwa, buhuna, da kiret-kiret na ƙwai da mai dafa abincin sansanin ya yi saƙo. A bakin rafin ta rage iskar zuwa inda ta saba, ta miƙe.

"Ƙara ragewa," in ji shi.

"Maigida, da kaya fa muke. Ta yi ƙasa."

"Wa ya ce? Biron nan naki?"

Ta sake tsugunawa. Sai da ta kai sha biyu sannan ya ce ya isa.

Yashin kam sun haye shi lafiya, motar tana tafiya kamar a kan katifa, shi kuma yana gyaɗa kai. Da suka fito ta ce bari ta ɗauko famfo ta ƙara iska kafin hawa. Ya ce rana na yi, mutane na jiran ruwa, ta dai bi a hankali. A kwana ta biyu tayar gaba ta dama ta matsu tsakanin nauyin mota da gefen wani dutse. Suka ji wani buf, motar ta durƙusa. Tayar ta zame daga kan ƙarfen wili.

Babu kowa a hanyar, waya kuma ba ta kamawa a wurin. Ta taimaka masa ya sauko, ta zaunar da shi a kan dutse a inuwar motar, ta sa wa tayoyin baya waigi. Notocin sun ƙi kwancewa. Tana kokawa da sifana sai ta gan shi ya taso yana jan ƙafa, ya kama ƙarfen da hannun hagu, ya sakar masa nauyinsa. Sifanar ta zame, ya faɗi a kan tsakuwa, gwiwar hannunsa ta goge. Ta zo za ta ɗaga shi ya ce ta bar shi. Ta bar shi. Da kansa ya ja jiki ya koma kan dutsen.

Daga ƙarshe hawa ta yi kan sifanar da ƙafa biyu tana riƙe da bodin motar, notocin suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga jak, ta sa tayar safaya, ta bi sauran tayoyin da famfon ƙafa, gejin a hannunta a fili. Yana kallo. Sun isa sansanin rana ta karkata. Mai dafa abinci ya duba ƙwansa, ya ce waɗanda suka fashe ma sun rage masa aiki.

Tun daga ranar bai sake binta ba. Ya ce kujerar motar tana sa masa ciwon baya, ita ma ba ta ja maganar ba. Ta tsara abinta yadda ya yi mata: talatin da biyar a kwalta, sha takwas a yashi in da kaya, sannan ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiya a ƙetaren rafin ta mayar zuwa ashirin da biyar kafin hawa. Tsayawar tana cin lokaci, famfon kuma yana cin gwiwa. Direbobin tifa da ke wucewa sukan danna mata hon su ce, "Inna, ana motsa jiki ne?" Takan ɗaga musu hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

In ta dawo da yamma takan same shi a ƙofar gida. Wata rana, tana sauke durom, ya ce, "Yau nawa kika bari a yashin?" Ta faɗa masa. Ya yi wani lissafi da ba ta sani ba, sannan ya ce, "To." Daga nan tambayar ta zama ta kullum.

Shekaru sun ja. Babban ɗansu ya sha cewa ta huta haka nan, ita kuwa takan ce sai motar ta gaji tukuna. Kwanakin baya maigidan ya ce yana son ya ga sansanin, an ce masa sun cinye rabin tsaunin. Ta shimfiɗa masa bargo a kujera, ta ɗaura masa bel. A bakin rafi ta sauka ta yi aikinta, bai leƙo ba. Kafin su haye yashin barci ya ɗauke shi, kuma bai farka ba sai da ta kashe mota a ƙofar sansanin. Ya dubi hagu da dama, ya goge bakinsa da hannun riga.

"Ashe sun gyara hanyar," in ji shi.

Ba wanda ya taɓa hanyar. Ta ce masa ya jira ta zagayo ta buɗe masa ƙofa, don hannun ƙofar na ciki ya karye.