Ƙyallen Anko a Littafin Goggo

Jiya na buɗe akwatin marigayiya goggona a Gubuchi, na tarar gara ta fara cin littafinta. Duk bikin da aka yi a dangi, takan yanki ƙyallen ankon ta manna a ciki da ƙaro, in ya ɗan karkace ta ɓamɓare ta sake.

Ranar da ta ce in manna ɗaya, sai ya karkace. Na runtse ido ina jiran faɗa. Ta shafa shi da yatsa, ta yi dariya ta ce, "Bar shi, 'yar nan, naki ne."

Yau wannan ƙyallen kaɗai na san bikinsa, kuma ina tsoron a tambaye ni sauran. Allah ya haskaka kabarinki, Goggo.