Yoyo a Tsakiyar Dam ɗin Hatta

Abubuwa da yawa sun same ni a Dubai na manta da su, ko lambar ɗakin da na fara sauka ba zan iya kawowa ba yanzu. Amma ranar da cikina ya tona min asiri a tsakiyar ruwa, ina sanye da farar shadda, ko tsufa ya kwashe min hankali ina jin ita kaɗai za ta rage.

Lokacin ina aiki a wani sito a Al Quoz, aikina ɗaure katan-katan da salatif kafin a loda su a kwantena. Na daɗe ina fama da ciwon hanji, gudawa da jini, ina ta ɗirkar jiƙe-jiƙen da ake aiko min daga Kano, har ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin aiki. Da na dawo hayyacina bayan tiyata, likita ya ce babban hanjina ya gama yawo, sun cire shi. Ƙaramin kuma sun fito da bakinsa ta gefen dama na cikina, ƙasa da cibiya kaɗan. Na ɗaga riga na leƙa, sai ga wani jan abu kamar an yanka tumatir an ɗora min, yana ta motsinsa, ko kallona bai yi ba. Likita ya ce daga yau ta nan zan riƙa biyan bukata, cikin jaka. Na ce to in na ji zai fito a cikin mutane fa, yaya zan riƙe? Ya yi murmushi ya ce ai ba a riƙewa, shi ke da lokacinsa.

Wata nas dattijuwa 'yar Indiya ce ta koya min yadda ake sa jakar. Akwai wani faifai mai danƙo da ake manna wa fata, a yanka masa rami a tsakiya da almakashi daidai girman bakin hanjin, sannan a maƙala jakar a kai. Ta yanka min samfurin ramin a jikin kwali ta ba ni. Ta yi dogon bayani da Turancinta mai gudu, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, burina kawai ta sakar min riga in rufe cikina. A cikin bayanin nan ashe ta ce abin a kumbure yake, zai yi ta raguwa har wajen wata biyu, don haka in riƙa dawowa ana aunawa. Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne in dawo in sake buɗe wa mace ciki. Na ce a raina, baba, sai dai ki ga ƙeyata.

Na koma ɗakinmu a Al Warsan. Abokin zamana wani Bazazzagi ne, Kirista ɗan Wusasa, mai gyaran famfo a wani otal. Kun san tsakanin Bakano da Bazazzagi: shi yana ce min bawana, ni ina ce masa Injiniya don in tsokane shi. Ya san an yi min aiki, shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti ma, amma na bar shi a kan cewa ɗinki ne kawai ake wankewa. In zan canja jaka sai in shige banɗaki in kulle, in saki famfo yana zuba.

Sati uku da sallamata aka fara yoyo. Abin da ke fita daga ƙaramin hanji ruwa-ruwa ne, kuma in ya taɓa fata ci yake kamar an shafa dakakken barkono. Sai in manna faifai da safe, kafin azahar ya fara ɗagowa. Na zargi kamfanin da ya yi jakar, na zargi zafin Dubai, na zargi gumi, har wani ɗan'uwan babana da ba ma shiri sai da na saka a lissafi. Abu ɗaya ne ban zarga ba, kwalin nan. Shi nake ɗorawa in zana in yanka, ba ƙari ba ragi, kamar wanda aka saukar wa da shi daga sama.

Da abin ya ishe ni sai na koma ga sana'ata. Na ɗauko salatif ɗin sito, mai faɗin nan ruwan ƙasa, na riƙa naɗe cikina da shi zagaye uku, kamar kayan da za a tura Legas ta ruwa. In na sunkuya sai ka ji ƙaras-ƙaras. Da hakan bai yi ba, na ƙirƙiro wata dabarar da ta fi ta wauta: in ba a zuba ba, me zai fito? Na rage ci, na rage shan ruwa. Jiri ya fara ɗibata a wajen aiki, shugaban sashenmu ya fara yi min wani irin kallo, kuma duk wanda bizarsa ke rataye da aikinsa ya san fassarar wannan kallo. Jam'i ma na daina zuwa, don tsoron abin da zai faru in na yi sujada a tsakiyar sahu.

Ana haka mahaifiyata ta kafe a waya, ta ce ba za ta yarda na warke ba sai ta ga hotona a tsaye, a waje, cikin kayan arziki. Injiniya ya ce, "Ranar Lahadi mu je Hatta, bawana. Ka sha iska, in ɗauke ka hoto a gaban duwatsu, Hajiya ta ga bawan Zazzau ya murmure." Na goge farar shaddata ta sallah, na ƙara wa cikina zagaye na huɗu. A hanya ya tsaya ya sayo shayin karak mai madara da kayan ƙamshi, da farata, wato burodin Indiya, mai zafi. Yunwar sati uku ta ci ƙarfina, na cinye biyu, na kora da kofi biyu.

Wanda bai je Hatta ba, ruwa ne kore shar kwance tsakanin duwatsu tsirara, ana ba da hayar ƙananan kwalekwale masu feda irin ta keke. Mai ba da rigar ceto ya zura min ita, ya ce "yalla habibi," ya ja igiyar da ƙarfinsa, ta zauna daram a kan jakar. Kalma ɗaya ce za ta cece ni, in ce ya sassauta. Maimakon haka, sai ce masa na yi na gode.

Muka shiga muna taka feda. Duk ɗaga gwiwa sai na matse jakar, ga farata da shayi sun fara isowa. Da muka kai tsakiya Injiniya ya ɗaga waya ya ce in yi dariya. Ya ɗauka, kuma hoton nan shi na aika gida, an yanke shi daga ƙirji zuwa sama. Ko wayar bai sauke ba cikina ya yi wata ƙara kamar tsohon babur ya ƙi tashi. Ya leƙa ruwa ya ce, "Kai, akwai kwaɗi a dam ɗin nan?" Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, na ji ɗumi yana gangarowa ta cinyata. Na duba. Farar shadda ta fara zana taswira, tana faɗaɗa. Sai wari ya biyo baya, a wurin da babu wani na uku da za a ɗora wa laifi. Wasu Larabawa da iyalinsu suka gifta mu a nasu kwalekwalen suna ɗaga hannu. Wallahi ni ma na ɗaga musu.

Injiniya ya dube ni, ya dubi shaddar. Ya ce, "Bawana, wannan ba gumi ba ne."

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin hawaye ne suka zubo min, ni da 'ya'yana uku a gida. Na gaya masa komai a taƙaice, na ce, "Injiniya, don Allah tura ni ruwan nan kawai a huta."

Ya ce, "Kifayen me suka yi maka?"

Ya cire rigarsa ta sama ya rufa min a cinya, ya ce in ɗauke ƙafata daga feda, shi kaɗai ya tuƙa mu. Da muka kusa gaɓa ya riƙa ɗibar ruwa da hannu yana watsa min yana watsa wa kansa, yana ihu yana dariya, har muka fito sharkaf kamar wasu sakarkaru biyu da suka yi wasan ruwa. Mutane suka kau da kai, ba wanda ya gane komai.

Na shige banɗakin wajen ajiye motoci da kayan canjin jaka da ba na rabuwa da su. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa ya ji ƙarar ɓare salatif, ya ce, "Katan kake buɗewa a ciki?" Salatif ya kama fata yana ɗaye ta, na kasa. Na buɗe masa ƙofa. Ko fuska bai yamutsa ba, mutumin da ke wuni da hannu a magudanar otal. Ya taimaka muka ɓare, na wanke. Sai ya ɗauki tsohon faifan ya ɗaga shi sama yana leƙen ramin, ya dawo ya dubi bakin hanjin.

"Wa ya yanka wannan?"

Na ce ni ne, da ma'aunin asibiti.

"Na yaushe?"

Na ce na ranar da aka sallame ni.

Ya riƙe baki. "Shi ya sa Kanawa ba ku iya komai ba sai ciniki. Ramin ya fi bututun, malam! In wosha, zoben robar da ke hana famfo ɗigo, ta fi bututu faɗi, ko salatif ɗin duniya ka naɗa sai ta yi yoyo. Kai ba ka kallonsa ne?"

Gaskiya ba na kallonsa. Sati bakwai ina canja jaka ina kallon silin. Ranar na sunkuyar da kai na duba da kyau. Tumatirin nan ya koma kamar ɗan goro, kuma tsakaninsa da inda bakin faifan ke tsayawa akwai fili zagaye, fata ta saluɓe ta yi jajir. Nan ruwan ke taruwa ya ci fata, ya bi ta ƙarƙashin danƙon ya ɗaga shi. Injiniya ya karɓi almakashi ya yanka sabon faifai da ƙaramin rami, yana gwadawa yana ƙara buɗawa kaɗan-kaɗan har ya shiga cif. Ya ce, "Wannan na kai mu gida ne kawai. Ni famfo na sani, ban san mutum ba. Gobe asibiti, khalas, magana ta ƙare."

Washegari ya tasa ni gaba har gaban nas ɗin nan. Ta ga sawun salatif a cikina kamar na wanda ya sha bulala, ta ɗaga tabarau ta ce wa ya yi wannan aiki? Injiniya ya ce, "Sashen ɗaure kaya ne, sista." Ba ta yi dariya ba. Ta wanke ni tas da faɗa, musamman kan ƙin ci da ƙin shan ruwa, ta ce mai irin aikina rashin ruwa a jiki na iya kai shi ga ciwon ƙoda. Sannan ta ɗauko wani kati mai ramuka manya da ƙanana ta auna. Ta sa na zauna, na miƙe, na sunkuya, sai ta gano in na zauna cikina na yin wani ninki dab da wurin. Ta canja min faifai zuwa mai ɗan tudu da ke danna fatar gefe ya turo bakin hanjin waje, ta haɗa min da wani zobe mai laushi kamar ƙullu na cike gurbi, da hoda ta busar da gyambon. Na farkon bai zauna ba, muka koma, sai a na biyu aka dace. Ranar da na cika kwana huɗu cur da faifai ɗaya ba ɗigo, na yi alwala na tafi masallaci na tsaya a sahun gaba.

Shekara biyar ke nan, jakar na nan tare da ni, mun saba. In na yi ƙiba ko na rame nakan sake aunawa, kuma in abu ya rikice ba na jira, asibiti nake nufa in ɗaga riga da kaina tun ba a ce ba. Abin da na koya shi ne jiki ba ya tsayawa inda ka bar shi, kuma abin da ka ƙi kalla a jikinka ba ya gyaruwa don ka kau da kai. Kunya tana da wurinta, amma ba a gaban mai magani ba. Tun muna yara ake gaya mana ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni nawa ma biyu ne, kuma na biyun ba ya yafe wa wanda ya ɓoye shi.