Wuyan Tankin A-kori-kura

Motar ta mijina ce, Allah ya jiƙan shi. A-kori-kura ce fara, ta girmi ɗana na biyu da ke tuƙa ta yanzu. Ita ke kai hatsin ƙauyenmu kasuwar Tambuwal, ita ke kai mai naƙuda asibiti in haihuwa ta zo da gardama.

Wata damina murfin tankinta ya faɗi a hanya. Ɗana ya cusa tsumma ya ɗaure da leda. Daga baya wuyan tankin, wato bututun ƙarfen da mai ke bi ya sauka, tsatsa ta huda shi. Ruwa ya riƙa shiga, mota na tari tana mutuwa tsakiyar daji. Sai ya yi dabarar direbobi: ya aje jarkar fetur wurin ƙafar mai zama gaba, ya ja tiyo zuwa inji.

Ban sani ba sai ranar da za mu suna Sanyinna. Ina shiga ya ce, "Inna, ɗan dafe jarkar ga da ƙafa, kada ta tuntsure."

Wari ya cika mini kai. Na waiga baya, ga matarsa da jikokina bisa buhuna, kusa da su wani fasinja da taba a baki yana laluben ashana.

Na ce, "Kashe ta."

"Inna, kowa haka shika yi."

"Kowa ba ni na haife shi ba. Miƙo makulli."

Na ƙulle makullin a bakin zanena, munka tafi suna a ƙafa. Da munka dawo ya zauna yana yi mini bayani: an daina kawo kayan irin wannan mota, in ba za ta fita da jarka ba gara a ba 'yan gwangwan su yanka ta, tun tuni suke zagayen ta. Na ce ya ciro mini ruɓaɓɓen wuyan. Mota ba ta fita da jarka, kuma ba mai yanka ta ina numfashi.

Ran kasuwa na naɗe ƙarfen cikin tsumma na shiga Tambuwal. Rumfa bayan rumfa nike kwance shi. Wani ya juya shi ya ce, "Hajiya, wanga ai sa'anki ne." Na ce, "To ni ga ni tsaye, nemo mini ɗan'uwanshi." Wani ya miƙo mini na wata mota, wai a lanƙwasa. Na gwada su baki da baki, nashi ya fi tsawo da ɗan yatsa, na aje mashi abinshi.

Wani tsohon bakanike ne ya ce akwai irin motarmu sak a Kebbe, ta mutu tun tuni. Sai dai mai ita ya tura ta tsakar gida kafin ya ja katanga, shi kuma yana kudu wurin fataucin shanu, ya ce ko ƙaninsa bai yarda ya wuce zaure ba. Makanikai sun sha zuwa suna komawa.

Na ce, "To ni namiji ce?"

Ya dube ni, ya daina dariya. Ya shimfiɗa ruɓaɓɓen a ƙasa, ya nuna mini inda notuna suke a baki da inda aka ɗaure tiyo daga ƙasa. Ya ara mini sifana da sukudireba, ya ce hannun hagu ake kwancewa.

Hanyar Kebbe bisa babur da damina, ƙashin bayana bai manta ta ba har yau. Na yi sallama na wuce zaure kai tsaye. Ga motar nan ƙarƙashin darbejiya, ba taya, an ɗora ta bisa duwatsu, kabewa ta haye kanta, kaji na ƙwai a kujerar direba. Matar gidan, wata doguwa mai fara'a, ta ba ni ruwa, ta kira mijin a waya. Ina jin dariyarsa daga inda nike.

"Ki ce ma tsohuwa in ta iya kwancewa ta ɗauka, na ba ta."

Ya ɗauka ba ni iyawa. Na ce ta ba ni tabarma.

Na kwanta ƙarƙashin mota, tsatsa na zubo mini a ido. Tiyon ya saki ba wuya. Notunan baki ne sunka kafe. Munka ɗiga musu kananzir, munka yi azahar, munka dawo. Sifana ta kuɓuce ta saɓule mini fatar yatsu, na tsotse jinin na ci gaba. Duk sunka fita sai guda.

Matar ta ce, "Inna, riƙe sifanar da kyau, ki janye fuskarki." Ta ɗauko taɓarya, ta auna kamar mai sussuka, ta sauke a ƙarshen sifana. Notin ya yi ƙara ya juya. Ta rangaɗa guɗa, kaji sunka watse.

Wuyan ya fito lafiya lau da murfinsa, sai gidan zanzaro a ciki, na sa kara na ƙwaƙule. Na gwada shi da ruɓaɓɓen, baki da baki, tsawo da tsawo.

Bakaniken ya zo har gida ya ɗaura. Da anka zuba mai ta bakin tanki na durƙusa ina kallon ƙasa, ban tashi ba sai da na tabbata ko ɗigo babu. Na shiga gaba da kaina na fiddo jarkar, sannan na kwance bakin zane na miƙa ma ɗana makulli.

Ya ce, "Ina munka nufa, Inna?"

Na ce Kebbe. Na sa an ɗora sabon akurki da damin gero na matar nan, tunda na tayar mata da kaji. Na zauna gaba na miƙe ƙafafuna har ƙarshe. Kafin ya tayar, na leƙa baya na duba bakin kowane fasinja.