Ƙwayayen Galma a Lambun Hamsatu

Haliru makanike, mutumin Bahindi, ba ya yarda da zafin abu sai ya ɗora masa bayan hannu. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, kuma can ɗabi'ar ta samo asali. Kafin ya kwance ƙusa ɗaya sai ya taɓa jikin injin, ya yi jim, sannan ya faɗi inda ciwon yake. Da tafiya ta yi nisa hannun ya saba. Kofin shayi ya taɓa, bangon masallaci ya taɓa, goshin jariri ranar suna ma ya taɓa. Matarsa Hamsatu takan ce ko tuwo ta ajiye sai an duba shi kamar mai zazzaɓi.

Da rani aiki kan kai shi ƙetaren iyaka, wajen masu noman albasa na ƙasar Benin. A Malanbil ya haɗu da Zulkiflu, wani Badande mai tara ƙananan mesa yana kai wa 'yan kasuwar Kwatano. Ranar da Haliru ya gama tada masa inji, Zulkiflu ya jawo wata roba daga ƙarƙashin benci ya buɗe. Macizai biyu ne a ciki, gajeru, masu kauri, launin yashi da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Bakin hancinsu a ɗage yake sama kamar an lanƙwasa da gangan. Zulkiflu ya ce daga Amurka asalinsu yake, wani abokin cinikinsa ya bar masa su, sun ƙi cin komai, shi kuwa ya gaji da kallonsu.

Haliru ya miƙa hannu. Ƙaramin ya fasa kai kamar gamsheƙa, ya yi huci mai ban tsoro, ya kawo sara. Abin da ya taɓa fatar Haliru hanci ne kawai, bakin a rufe yake gam. Ya sake miƙawa, aka sake dungurinsa da hanci. Sai ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da hawaye. Mutum ne da ya girma cikin tsoron kububuwa, ga shi yau ya gamu da macijin da duk faɗansa burga ce. Zulkiflu ya gargaɗe shi cewa suna da ɗan dafi a haƙoran can baya, in sun samu yatsa sun tauna yakan kumbura. Ya kuma gaya masa in tsoro ya kai musu iyaka sukan yi mutuwar ƙarya. Haliru ya taɓa robar da bayan hannu, ya ce zafi ne ya hana su ci. A cikin kular abincinsa ya kawo su gida.

An ce masa a can ƙasarsu da hancin alade ake kiran su. Ya ce ba a gidansa ba. Shi abin da ya gani kayan noma ne, domin da hancin suke haƙa yashi su nutse. Namijin ya zama Kalme, macen kuwa, da ta fi girma, Galma.

Gidan nasu na gandu ne, kuma yayansa Yero, mai shanu, wanda suke kira Hamma, shi ne babba. Yero ya zo ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ce maciji maciji ne ko daga Makka aka kawo shi. Ya yarda su zauna a tsohon ɗakin da ake ajiye kayan inji, da sharaɗin kada ya taɓa ganin su a tsakar gida. Hamsatu ita ma ta kafa nata sharaɗin: ba ta shiga ɗakin, kuma ba a yi mata hirar maciji, musamman a kan abinci. Haliru ya riƙe alkawarin nan sosai. Duk abin da ya koya game da dabbobinsa majalisar bakin kasuwa ta ji shi, har wasu na tashi in ya fara, amma matarsa ba ta ji ko kalma ba.

Ya zuba musu yashin gulbi, ya mayar da su kusurwar da rana ba ta duka, ya ajiye kaskon ruwa. Bayan kwana goma sha biyu Galma ta karɓi jinjirin ɓera da ya goga wa kifi. Ranar, don murna, Haliru ya fita ba hula. Daga nan ya shiga kiwon ɓeraye a bokitai, a garin da kowa ke da rumbu. Abokan wasansa suka samu abin faɗa. Muktar mai nama yakan tare shi ya tambaya ko garken ya kai a fitar da zakka.

Burinsa ɗaya ne, ya ga sun haihu a Bahindi. Zulkiflu ya ce ya cire rai, domin macizan nan sai sun sha sanyin ƙasarsu sun yi dogon barci kafin su yi barbara. Haliru ya yi ta juya maganar har ya tuna yadda mata ke adana tumatir. Ya samo babbar randa ya saka ƙarama a ciki, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da buhun algarara mai laima. Da sanyin Disamba ya shigo sai ya daina ba su abinci, ya bari cikinsu ya wofinta, ya saka su ciki. Safe da yamma yana zuba ruwa yana auna randar da hannu. Shekarar farko ba a ga komai ba. Ta biyu Galma ta yi ƙwai biyar, duka suka zama baragurbi. Ya haƙa rami a tsakiyar ɗakin ya nutsar da randar har wuya, ya ƙara kwanakin barcin.

A shekara ta uku, cikin bazara, Galma ta cika ta yi nauyi. Ya bar ta ta silale a kan yatsunsa yana ƙirga ƙwayayen da ke cikinta. Goma sha ɗaya. Ya sake, goma sha ɗaya dai. Ta yi saɓa, wanda ya nuna masa saura kwanaki kaɗan, ya haɗa mata akwatin haihuwa da yashi mai danshi. Ana cikin haka aka aiko daga ƙetare cewa injuna uku sun tsaya, shuka na ƙonewa. Mutanen da ya daɗe yana yi wa aiki ne, ba halin ƙi. Ya roƙi Hamsatu abu ɗaya tak, ta riƙa yayyafa ruwa a akwatin kullum da safe, ko daga nesa ne. Ta dube shi ta ga yadda idonsa ya yi, ta ce to.

Washegarin tafiyarsa ta shiga da buta a hannu ɗaya, muciya a ɗayan. Da muciyar ta ture murfin, ya zame ya faɗa ciki da ƙara. Galma ta fasa kai ta yi huci. Hamsatu ta kai muciya don ta ɗaga murfin, ta zunguri macijiyar ba da niyya ba. Nan take Galma ta hau murɗe-murɗe, ta yi kashi mai wari, ta kife ciki sama, baki a wangame, harshe a waje yana kwasar yashi. Hamsatu ta yi salati. Ta sa muciya ta mirgina ta daidai, macijiyar ta sake juyewa ciki sama. Ta sake gyara ta, ta sake juyewa. Hamsatu ta ɗauka gargarar mutuwa ce.

Ta kira wayar mijinta, layin ba ya shiga a ƙetare. Ta je ta sami Yero. Ya zo ya duba, ya toshe hanci, ya ce wannan kam ta tafi. Ya ce a yi mata yadda ake yi wa kowane maciji, a datse kai a ƙone. Har ya aika hannu ga addarsa.

"Hamma, kada ka sare ta," in ji Hamsatu. "Shekara ukku Malam na wahala da abin ga. Ni na kashe ta. In ya dawo, ko wurin da take in nuna mishi."

Yero ya ce shi bai taɓa jin an yi wa maciji sutura ba, amma ya bi ta. Ta naɗe Galma a tsohon kallabi da bakin muciya. Bayan ɗakinta akwai ɗan lambu a inuwar mangwaro, kunya huɗu, alayyafo da kuɓewa da yakuwa, ƙasar yashi mai laushi da take shayarwa kullum daga rijiya. A gefensa Yero ya yi rami da ƙafar sandarsa, iya tafin hannu biyu, don bai ga dalilin wahala ba. Suka tura yashi suka rufe.

Kwana biyu bayan haka Haliru ya dawo da hantsi. Ya tarar ba a ɗora tukunya ba, matarsa na zaune idanu sun kumbura. Ta gaya masa komai ba ta rage ba. Yana saurare fuskarsa na sauyawa, har ta zo wurin mirginawar.

"Kin gyara ta, ta sake juyewa?"

"Har sau biyu, Malam."

"Da kanta?"

Ta ce da kanta. Haliru ya ajiye jakar kayan aiki a hankali. Ya tambaya ko Hamma ya taɓa ta da ƙarfe, ta ce ta hana. Ya kama hannunta biyu a tsakar gida, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba, ya ce Allah ya yi mata albarka, ta nuna masa kabarin.

Kallabin na nan, babu kowa a ciki. Ya durƙusa ya bi yashin da ido har ya ga wata 'yar hanya ta nufi gindin rijiya. A ƙarƙashin fasasshen tulu ya same ta a naɗe, ta ɗago hanci tana masa huci. Hamsatu ta ja baya har ta taka alayyafonta, tana dariya tana kuka. Yero da aka kira ya zo ya duba ta, sannan ya ce shi dai ya ga gawa da idonsa, kuma ya ji warinta.

Murnar Haliru ta tsaya da ya ɗaga Galma. Ta yi sakayau, fatar ciki ta saki. Ta zubar da ƙwan a wani wuri cikin lambun, ga kaji na tono, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kwana biyun nan. In ruwan farko ya sauka, lambun tafki yake zama. Ya hana kowa takawa, aka kulle kajin gidan duka. Hauya ba ta taɓa wurin ba. Da yatsu da cokalin miya ya yi ta bin ƙasar, taƙi bayan taƙi, Hamsatu na riƙe masa da rariyar tankaɗenta. Yinin farko ba su samu komai ba. Kashegari bayan azahar, a gindin kunyar alayyafo, yatsansa ya taɓa abu mai taushi kamar jiƙaƙƙiyar fata. Farare ne, dogaye, sun manne da juna. Ya ɗiga wa kowanne gawayi a sama don kada a juya shi, ya ɗauke su yadda suke kwance. Tara ne. Da la'asar ruwa ya kece.

Wata biyu ƙwan suka yi a randa. Yanzu Hamsatu ce ke tuna masa lokacin yayyafi, kuma dokar hana hira ta faɗi ba tare da kowa ya ambace ta ba. Wata safiya cikin damina ya buɗe ya ga an tsaga ƙwai ɗaya, ɗan hanci ya leƙo. Ya manta da karin kumallo. Kafin kwana uku takwas sun fito, kowanne bai wuce tsawon fensir ba, na taran bai yi rai ba. Bahindi ta zo kallo, har da mutanen Sharabi da suka ji labari ranar kasuwa. Muktar mai nama ya matso da fuskarsa kusa, wani jinjiri da ko saɓar fari bai yi ba ya fasa kai, ya yi ɗan huci, ya kife ciki sama ya zaro harshe. Ɗakin ya ɗauki dariya. Yero ya ce wannan kam nonon uwa tai ya sha. Zulkiflu ya hau babur tun daga Malanbil don ya gani da idonsa.

Sai dai Haliru goma sha ɗaya ya ƙirga, kuma bai taɓa shakkar yatsunsa ba. Biyu suna cikin lambun. Ya san lokacin ceton su ya wuce, abin da yake nema ɓawonsu ne. In ya same shi a ruɓe, shi ke nan. In kuwa a tsage yake, to akwai baƙi biyu da ke yawo a garin da ake kashe maciji kafin a dubi hancinsa, kuma shi ya kawo su. Hamsatu ta ce ba za a tumɓuke mata shuka a kan ɓawo ba. Suka shirya a kan duk kunyar da ta gama cira, shi sai ya tankaɗe. Ya gama ta alayyafo. Kuɓewa ta tsufa, ya gama kunyoyinta biyu, yana yi yana ba ta labarin halin kowane jinjiri, wanda ya ci da wanda ke yanga. Saura yakuwa, ita kuwa sai kaka.

Ana saura mako biyu a yanke ta zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana biyar ya yi. An yi masa sutura ranar Laraba, manoman albasa suka cika mota daga ƙetare.

Macizan suna nan a ɗakin kayan inji, Hamsatu ke ba su abinci, ta daina shiga da muciya. Ta yanke yakuwarta a kan lokaci. Kunyar ta huɗu dai ba ta shuka komai a kai ba, ba ta kuma bari an sa mata hauya ba. Sandunan da Haliru ya kafa don ya san inda ya tsaya suna tsaye a bakinta.