Yadda Rufa'i Maƙeri Ya Sa wa Ƙarfe Dunduniya

Rufa'i maƙerin Baudeta ya haura shekara hamsin bai taɓa jefa ƙwayar hatsi a rami ba, kuma ba lalaci ne ya hana shi ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar ce duk wani sungumin da ya sha barcin rani ke tunawa da maƙera. Wannan bakinsa ya dakushe, wancan ƙotarsa ta kwance, kowa na tsaye a kan Rufa'i yana cewa nasa za a fara. Haka ya taso ya tarar da mahaifinsa, haka shi ma ya gada: mutane na daji suna shuka, shi yana gaban wuta yana zuga. Gonarsu ta gado, wata doguwar jigawa a arewacin gari, da can ƙanensa Mas'udu ke shuka ta, daga baya ƴaƴan Rufa'i maza biyu suka karɓa.

Gwani ne, wannan ba mai musu. Sai dai gidansu na da wata al'ada: sabon abu ba a ƙera shi a gaban mutane. Mahaifinsa ya tafi kabari da imanin cewa idon jama'a na sa ƙarfe ya tsage. Shi ya sa a bayan maƙerar akwai wani ɗan wuri da aka kewaye da zana, wanda ko mai ɗakin Rufa'i ba ta leƙawa. In ya shiga nan, sai dai ka ji ƙwal-ƙwal ka yi ta hasashe.

To, sai samarin nan biyu suka bi ayarin masu neman zinariya zuwa Jado. Damina ta zo, Rufa'i ya nemi masu shuka, kowa na fama da tasa gonar. Kafin a waiwayo shi ƙasa ta sha iska, rabin jigawar ya kwana saura. Damina ta biyu ma haka. Mas'udu, wanda yanzu ke da shagon hatsi a Tasawa, ya hau moto, wato babur, ya zo ya same shi.

"Yaya, ni ban zo da rigima ba," in ji shi. "Amma gona ba kayan ado ba ce. Akwai wani mai son rabin can na arewa. In bana ma ba a shuke ta baki da baki ba, a raba, in saida nawa."

Rabin can na arewa nan ne itacen gawon da mahaifinsu ke hutawa a ƙarƙashinsa sa'ad da yake raye. Da moton Mas'udu ya ɓace, sai Rufa'i ya shige bayan zana.

Ya taɓa ganin keken shukar gyaɗa a kasuwar Tasawa, wanda ake ce wa semuwar. Shanu ke jan sa, ramukan faifansa kuma manya ne, ƙwayar hatsi sai ta zube kamar yashi. Rufa'i ya ce a ransa zai yi ɗan ƙarami wanda jaki ɗaya zai ja. Rani guda ya kwashe yana dukan ƙarfe shi kaɗai. Da bazara ta kama, ya sa aka jiƙa wani fili a bayan gari da ruwan rijiya, ya fito da abinsa: ƙafar ƙarfe ɗaya, gwangwanin iri a bisa, haƙori mai tsaga ƙasa a ƙasa, da mariƙa biyu. Gari ya fito kallo.

Jaki ya ja, haƙori ya tsaga, iri ya fara zuba. Ya yi ta zuba kuwa, ba tsayawa, layi ɗaya santal kamar an ja zare, kuma duk a buɗe yana kallon sama. Kafin jakin ya juyo, zabin unguwa sun jeru a bayan Rufa'i suna bin sa da ladabi suna tsincewa.

Wata dariya ta tashi daga cikin mata, Rufa'i kuma ya san mai ita. Zubaida ce, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa wadda tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba.

"Sannu bawana! Ashe rani guda akushin zabi kake ƙerawa? Allah shi saka, sun gode!"

"Ke mi kika sani ga ƙarfe?"

"Ban san komi ba. Kai mi ka sani ga shuka?"

Ta tuɓe takalmi ta shiga filin. Ta tsunkuli iri da yatsa uku, ta jefa wuri ɗaya, ta tura ƙasa da gefen ƙafa, ta danna da dunduniya, ta yi taki ɗaya ta sake. Ko kallon ƙasa ba ta yi, bakinta bai daina zuba ba.

"Hatsi dangi gare shi, a tare yake tashi, ba ɗai-ɗai ba. In kuma ba ka danne shi ba, iska ta yi gaba da shi, ko rana ta shanye laimar. Wanga abu naka ba shi da yatsu, ba shi da dunduniya. Mi ad da shi? Baki kawai, kamar mai shi."

Rufa'i ya ja kekensa ya koma bayan zana. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru yana gyara sungumi, bai taɓa tsayawa ya ga abin da ƙafa ke yi a bayan sungumi ba.

Washegari da hantsi ya ji muryarta tana wucewa za ta rijiya. Ya ɗaga murya daga cikin zana.

"Zubaida! Tsunkule ɗaya, kamar ƙwaya nawa ce?"

"Wa ke magana? Zana?"

"Ke dai ba ni amsa."

"Ni ba ni hira da zana. In ga abin, in gaya maka."

Rufa'i ya aje awartakin da ke hannunsa. Ya tuna mahaifinsa, ya tuna gawon nan. Sannan ya kwance igiyar, ya naɗe zanar ya jingine ta a bango. Zubaida ta aje tulunta ta shigo tana kalle-kalle.

"Wai nan ne? Ni na zaci aljanu zan tarar. Ashe tarkace ne."

Tun da wuri ya buɗe, sai mutane suka fara tsayawa. Na farko Lamine ne, mai gyaran moto a bakin kasuwa, dogo kamar tabarya. Ya durƙusa ya juya ƙafar keken, ya ce, "Baba Rufa'i, bakin gwangwanin nan ai bai kamata shi zauna buɗe ba. A ɗaura shi da ƙafar, in ta juyo sau ɗaya shi buɗe sau ɗaya." Ya ruga shagonsa ya dawo da tsohuwar sarƙar moto da faifanta mai haƙora. Rufa'i ya ƙera ɗan cokali daidai tsunkulen Zubaida, bayan ta mayar masa da guda uku tana cewa wannan na rowa ne, wancan na almubazzaranci.

Sai batun tazara. Lamine ya yi taki a ƙasa ya ce a auna ƙafar keken da shi. Zubaida ta riƙe haɓa.

"Da takinka? Ai sai a shuka ɗaya nan, ɗaya Mayahi! Kauce."

Ta yi tafiyarta ta shuka a kan yashi, Rufa'i ya bi sawunta da igiya, ya lanƙwasa sabuwar ƙafa wadda juyinta ɗaya ya yi daidai da takin Zubaida.

Dunduniyar ce ta ba su wuya. Rufa'i ya yi ta ƙarfe, ta nutsa iri can ƙasa inda ba zai fito ba. Lamine ya ce a sa ta itace, ta yi ta tsalle ba ta danna komai. Suka yi kwanaki suna musu, har ranar da Cha'ibu baduku, mai yanka takalma daga tsohuwar taya, ya zo karɓar basillarsa. Mutum ne marar yawan magana. Ya saurare su, ya dubi ƙafar Zubaida, ya ce, "Dunduniyar mutum ai nama ce a kan ƙashi." Ya ciro wani guntun taya daga jakarsa ya miƙa. Nan take Rufa'i ya gano: ƙarfe a ciki, roba a waje. Ya ƙera ƙaramar ƙafa ta biyu a baya mai ƙulli guda, Cha'ibu ya lulluɓe ƙullin da taya. Kafin ya tafi kuma ya duba kafaɗar jakin, ya ga igiya ta fara cin ta, ya ɗinko masa abin wuya mai laushi ba wanda ya roƙe shi.

Suka gwada a filin nan na bayan gari. Zabi suka biyo, suka yi ta tono a banza, suka watse. Zubaida ta tona rami ɗaya da yatsa, ta ƙirga abin da ta gani da ido, ta miƙe.

"To, bawana, yau ka yi hankali."

Ruwan shuka ya sauka a wata Laraba da la'asar, mai yawa. Da gari ya waye ƙofar Rufa'i ta cika da sungumi kamar kullum, ga gona na jira. Da shi kaɗai ya san sirrin keken, da nan zancen ya ƙare. Amma Zubaida da Cha'ibu suka kama jaki suka yi arewa, a kan in an gama ta Rufa'i a shiga nasu. Suna tsakiyar aiki sarƙa ta zame. Zubaida ta tsuguna ta mayar da ita yadda ta ga Lamine na yi, ta goge baƙin mai a zanenta, suka ci gaba. Da rana ta take Rufa'i ya sallami mai sungumi na ƙarshe, ya iso da gudu ya karɓi mariƙa. Layinsa na farko ya karkace kamar tafiyar maciji, Zubaida ta yi masa tas, na biyu ya miƙe. Kafin laima ta bar ƙasa sun shuke jigawar har gindin gawo, sun shuke ta Zubaida, sun shuke ta Cha'ibu, har wata gwauruwa maƙwabciyarsa ta samu.

Bayan tsiro ya fito Mas'udu ya zo. Bai tsaya gida ba, gona ya zarce, Rufa'i na biye da shi. Ya kafe moto ya bi layi da ƙafa, yana tafe yana duba ko akwai gurbin da bai fito ba. Tsiro kore shar, tuli-tuli, kowane da tazararsa, har iyakar arewa. A gindin gawo ya tsaya ya cire hula ya share gumi.

"Yaya, mutum nawa ka ɗauka?"

"Jaki ɗaya. Sai masu baki uku."

Mas'udu ya yi dariya har da tari. Ya ciro salula ya kira mai son gonar, suka gaisa, ya ce, "Alhaji, zancen nan namu a bar shi. Gonarmu ba ta saidawa ba ce." Ya mayar da ita aljihu, ya sake duban faɗin jigawar, sai fuskarsa ta canza.

"To shuka ta yi. Noman hwa? Wa zai nome duk wannan?"

"Zubaida ta ce a sa wa keken haiwar noma biyu. Lamine ya ce uku. Tun shekaranjiya suke abu ɗaya, Cha'ibu bai ce komi ba tukuna."

"Uku ta yi wa jaki nauyi," in ji Mas'udu. "Sai dai in za a rage faɗinsu."

Rufa'i ya dube shi, ya haye bayan moto ya gyara zama.

"Ja mu tahi. Ka faɗa musu da bakinka."