Sai Ya Ga Cikinta

Mai Rediyo ake ce masa tun kafin ya yi aure, har matarsa ma haka take kiransa idan tana jin tsokana. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a ƙasan wani bene: teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanaye cike da notuna. Ƙanshin dalma ya kama rigunansa, wanki ba ya fitar da shi. Da gyaran rediyo ya ciyar da 'ya'yansa, ya sa su makaranta, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba.

Ɗabi'a ɗaya ce kowa ya san shi da ita. Duk na'urar da ta shigo gidansa, sai ya kwance ta ya ga cikinta kafin a kunna. Fanka, dutsen guga, har agogon bango ba su tsira ba.

Da gyara ya ja baya, abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani tsohon kaset mai muryar mahaifiyarsa, marigayiya. Zaren ya tsufa, ya tabbata ba zai jure juyi biyu ba. Auta, 'yarsa ma'aikaciyar jinya, ta ce a sayo laftof a kwashe muryar a ciki.

"Wace iri kake so, Baba?"

"Wadda aka ɗaure da noti, ba wadda aka liƙe da gam ba. Batir in ya mutu in cire da hannuna. A bar mini kafar jona waya. Kuma kada tana tsakar aiki ta tsaya, wai sai ta nemi izinin masu ita."

"Wannan ai surukar kirki kake nema," in ji matarsa.

Auta ta samo wadda aka ƙera don buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke da damar dubawa ya gyara. Tana da ɗan kauri, ba ta da ƙyalli. Bai tsaya kallon fuskarta ba, ya kifa ta a kan tabarma ya ɗauko sukundireba. Da ya ga kowane sashe a fili, ya ciccire, ya hura, ya mayar, ya ce lallai mai hankali ne ya yi ta.

Suka jona ta da na'urar kaset ta yadda sauti zai fito ta laftof ɗin. Auta ta danna, zare ya fara juyawa. Shiru. Ya so ya tsayar, amma tsayarwa da mayarwa su ne za su kashe zaren, sai ya bari. Dab da ƙarshe ya tsinke.

Mai Rediyo ya cire tabarau ya ajiye. "Shi ke nan, ta tafi."

"Baba, dubi layukan nan masu hawa da sauka. Laftof ɗin ta ɗauka fa. Fitowa ce ba ta yi ba." Auta ta dube shi a hankali. "Da ka buɗe, komai ka mayar?"

Ya sake kifa ta ya kwance. Ga 'yar wayar sifika nan a zare, yadda ya bar ta.

"Mai Rediyo ke nan," matarsa ta ce, tana danne dariya da gefen mayafi.

Ya jona, Auta ta kunna abin da aka ɗauka. Aka ji shuuu, zakara ya yi cara can nesa, sannan muryar tsohuwa ta cika falon, ƙarara kamar tana bakin ƙofa:

"Kai, kawar mini da abin nan daga baki. Dubi sumarka kamar daji. In ka gama wasan ka je ka yi aski."

Ya kai hannu ya shafa sanƙonsa.

"To, Inna," ya ce. Ya matso da kujera. "Auta, maido mana daga farko."