Wayar Mai Wankin Hula

Ni ne na kai ƙarar mai wankin hula wurin 'yan banga. Na fara da wannan ne don na san halina, in aka bar ni sai na kawo tarihin gadar Jimeta kaf kafin na iso kan laifina.

A shekarar da mutanen Mubi da Michika da na Borno suka kwararo mana a guje, ina akawu a wani ofishin gwamnati, ina zaune a unguwar Rumde. Muna da majalisa a gindin wata darbejiya, daga la'asar zuwa magariba. Hirar duk ta zama ɗaya: wane gari aka ci, wace hanya aka rufe. Ana cikin haka wani malamin makaranta daga Karewa ya zo mana da littafi. Labarin wani sufeton 'yan sanda ne da aka ba kwana bakwai ya gano wanda ya kashe wani attajiri. Babobin gajeru ne, kowanne sai ya ƙare da bugun ƙofa ko ƙarar bindiga, ba dama ka ajiye.

Kwafi ɗaya ne, muna karɓa-karɓa. Telan layinmu ya ɗinke bakin aljihun wata riga saboda hankalinsa yana babi na shida. Mai shagon magani ya yi fushi da marubucin, wai ba a yin guba yadda ya faɗa. Modibbo kuwa, dattijon majalisar, Bafulatanin cikin garin Yola, ya ce shi ba ruwansa da tatsuniyar 'yan boko. Amma kullum ya shimfiɗa buzunsa sai ya tambaya, "To, an kama shi ne?"

Muka kafa doka. Duk wanda ya kai babi na goma sai ya rubuta wanda yake zargi a farar takardar ƙarshe, ya sa hannu, sannan ya ci gaba. Mu tara muka rubuta, ni kaɗai na canka. Sakataren attajirin ne, wani shiru-shiru mai waya biyu da ba ya zama cikin mutane. Daga ranar aka laƙaba mini Sufeto. Da wasa suka sa sunan, ni kuwa na ɗauke shi da gaske, har tafiyata ta canza.

A wannan lokacin ne mai wankin hular ya kama shago a layinmu. Babarbare ne, dogo, zai yi shekara hamsin. Ya iya aikinsa, hular da ta yi laushi in ya wanke ta ya sa mata sitaci sai ta miƙe kamar sabuwa. Sai dai ba ya zama da kowa. Zai yi sallama ya wuce. Na fara lura da shi, kuma kunya ba za ta hana ni faɗa ba, har ɗan littafin rubutu na saya. Na rubuta cewa kullum da hantsi yana rufe shago ya tafi, ya dawo da jar ƙasa a ƙafa. Na rubuta cewa na gan shi sau uku a tasha yana leƙa motocin da suka shigo daga arewa, yana tambayar direbobi hanyar da suka biyo. Akwai takarda a aljihunsa mai ɗauke da sunaye. Sannan yana da waya biyu. Ɗayar tsohuwa ce an ɗaure ta da roba, ban taɓa ganin ya kira kowa da ita ba, amma kullum tana caji, kuma jim kaɗan sai ya zaro ta ya duba.

Da na ga waya biyun nan, wallahi daɗi na ji. Ba tsoro na ji ba, daɗi, irin wanda na ji a babi na goma.

Na kawo maganar majalisa. Modibbo ya dube ni ya ce, "Sufeto, bar bawan Allah. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

Na ce, "Bappa, ai irin wannan shirun ne ya cinye garuruwa."

Ya ce, "Ka tambaye shi ne?"

Na yi dariya. A littafi ba a tambayar wanda ake zargi, sai an tara hujja. Zan iya fakewa da cewa gari a tsorace yake, bam ya tashi a Jimeta, ana ta shela cewa kowa ya sa ido. Duk gaskiya ne. Amma mutanen layinmu duk a tsorace suke, kuma ni kaɗai na sayi littafin rubutu.

Wata Laraba na kai wa shugaban 'yan bangan unguwa abin da na tara. Washegari da hantsi, yana shirin rufe shago, suka zo suka tafi da shi. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallo. Hulunan mutane suna jere a rana, babu wanda ya kwashe su sai tela.

Kwana uku ya yi a hannu. Modibbo ne ya sa babbar rigarsa ya je ya tsaya masa. Da aka sako shi yana ɗingishi, shugaban 'yan bangan ya same ni a gefe ya ce, "Oga Sufeto, wannan mutumi ba komai fa. Yarinyansa ne ya ɓata."

Ranar da mahara suka shiga garinsu, 'yarsa mai shekara goma sha uku tana makaranta, gudu ya raba su. Jar ƙasar ƙafarsa ta Damare ce, inda aka sauke 'yan gudun hijira, kullum yana zuwa duba sababbin zuwa. Sunayen takardar na 'yan ajinsu ne, ko wani ya gan ta. Tsohuwar wayar kuwa, lambarta ce kaɗai yarinyar ta haddace. Shi ya sa bai taɓa bari ta mutu ba, ba ya kuma yin kira da ita don kada ta kira ta ji layi a cike.

'Yan banga sun kashe wayar ranar da suka karɓe ta. Da aka mayar masa ya kunna, saƙo ya shigo cewa wata lamba ta neme shi sau biyu ranar Juma'a. A gaban Modibbo ya kira. Wani direban babbar mota ne ya ɗauka, ya ce e, wata yarinya ta roƙe shi aron waya a bakin hanya, ta gwada sau biyu ba ta shiga ba, ta yi godiya ta bi wasu mata. Bai tambayi sunanta ba, bai san inda suka nufa ba.

Modibbo ne ya ba mu labarin a majalisa, bai dubi inda nake ba. Babu wanda ya ce mini komai. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na ƙona ɗan littafin rubutun a murhu, matata tana tambaya ko lafiya, na ce tsofaffin takardu ne.

Bayan wata guda Modibbo ya jawo mai wankin hular majalisa. Yana zama a gefen tabarma, wayar a cinyarsa. Rannan sai ya ce a ara masa littafin nan da yake jin ana ta magana a kai. Ya yi mako da shi. Da ya dawo da shi tela ya buɗe takardar ƙarshe, ya ce, "Malam, ba ka rubuta wanda kake zargi ba."

Ya ce, "Ban zargi kowa ba. Amma ina da tambaya. Mai gadin nan da aka kulle a babi na huɗu, an sake shi? Na duba har ƙarshe ban gani ba."

Muka dubi juna. Mu tara mun karanta littafin, wasu sau biyu, babu wanda ya tuna da wani mai gadi. Na karɓa na bi shi shafi-shafi. Ga shi nan kuwa, sufeto ya kama shi bisa kuskure, aka mare shi, aka tura shi ɗaki aka rufe, labari ya yi gaba a guje. Marubucin bai sake komawa kansa ba.

Shekaru sun wuce ina kai masa hulunana, ina kasa haɗa ido da shi. Modibbo ya rasu, an sare darbejiyar an yi shaguna. Sunan Sufeto ya bi ni har na yi ritaya, kuma duk wanda ya kira ni da shi sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Bara, da azumi ya gabato, na ce ba zan shiga wani watan da wannan kaya ba. Na same shi a shago yana goge wata hula tawa, gemunsa ya yi fari fat. Na tsuguna na ce, "Malam, ni ne na kai ka."

Bai daina gugar ba. Ya ce, "Na sani. Tun a can suka gaya mini, wai wani ɗan boko ne mai karatun littafi. Shi ya sa na ari littafin, ina so in ga me ka gani a jikina."

Na ce ya yafe mini. Ya ce nasa ya yafe tun tuni, ɗingishin ma ya warke. "Na kwana ukun nan kuwa," in ji shi, "ba nawa ba ne. In 'yata ta zo sai ka roƙe ta."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wayar. An canza mata roba, an canza batir ban san sau nawa ba. Ya duba ya ga tana kunne, ya mayar, ya miƙo mini hulata.